Ɗaga Ƙarfe a Kan Benci: Yadda Za Ka Tsare Kafaɗarka

FILIN KIWON LAFIYA

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu da ya zama yayi a tsakanin samarin Randagi, wato ɗaga ƙarfe. Kusan duk wanda ke karanta wannan allo ya san wani lungu da ake taruwa bayan la'asar, an zuba siminti a gwangwani biyu, an soka ƙarfe a tsakani, an jawo benci. Mutum zai kwanta rigingine, ya sauko da ƙarfen kan ƙirjinsa, ya tura shi sama, abokai suna ƙirga masa.

Motsa jiki abu ne mai kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a shekarar 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na kimanin minti 60 a kullum, kuma ya yi ayyukan da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana 3 a mako. Saboda haka ba mu zo don mu hana kowa ba. Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne abin da ya faru da wani ɗan'uwanmu a zangon karatun da ya wuce. An yi masa kirari, ya hau ƙarfen da yayyensa ke ɗagawa, a turi na huɗu kafaɗarsa ta dama ta amsa. Ya yi makonni ba ya iya sa riga sai an taimaka masa, rubutu a aji ya zame masa wahala, damina ta faɗi kuma mahaifinsa ya rasa hannunsa a gona. Hausawa sun ce tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya, amma tsalle dubu ba ya fitar da shi.

YADDA AKA GINA KAFAƊA

Kafin mu san abin da ke ɓata kafaɗa, ya kamata mu san yadda take. Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a wurin: ƙashin damtse, allon kafaɗa da ke baya, da ƙashin wuya wanda ya taso daga saman ƙirji. Kan ƙashin damtse mulmulalle ne kamar ƙwallo, yana zaune a wani ɗan gurbi da ke jikin allon kafaɗa. Gurbin nan ba shi da zurfi. Ku kwatanta da lemo a kan murfin kwalba. Wannan rashin zurfi ne ya sa hannu ke iya juyawa ta kowane ɓangare fiye da kowace gaɓa a jiki, shi ne kuma ya sa kafaɗa ta fi sauran manyan gaɓoɓi saurin gocewa.

To, me ke riƙe ƙwallon a gurbinsa? Wasu ƙananan tsokoki ne guda huɗu da suka taso daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu suka lulluɓe kan ƙashin damtse ta sama da gaba da baya. Ba a ganinsu a madubi, shi ya sa mai neman ƙwanji ba ya damuwa da su. Jijiyar da ke sama tana ratsawa ta wata 'yar ƙunƙuntar hanya a ƙarƙashin wani ƙashi da ya yi wa kafaɗa rumfa. Idan aka takura wannan wuri da nauyi sau da yawa, jijiyar kan yi fushi ta fara ciwo.

Tsokar ƙirji babba ce, tana da ƙarfi, tana kuma saurin girma. Ƙananan tsokokin nan huɗu da jijiyoyinsu sun fi ta jinkirin sabawa da nauyi. A nan matsalar take farawa: ƙirji ya ce zai iya, kafaɗa kuwa ba ta shirya ba. Ƙari a kan haka, ƙashin matashi bai gama ƙosawa ba. Kusa da kan ƙashin damtse akwai wani sashe mai taushi inda ƙashin ke ƙara tsawo, kuma ba ya gama haɗewa sai wajen ƙarshen shekarun samartaka. Nauyin da ya wuce kima yana iya raunata wannan sashe.

ABUBUWAN DA KE KAWO CIWON

Na farko, buɗe gwiwar hannu. Da yawa suna shimfiɗa damtse daidai da layin kafaɗa, jiki ya zama kamar harafin T. A wannan yanayi kafaɗa ce ke shan nauyin a wurin da ta fi rauni.

Na biyu, kama ƙarfe da faɗi sosai. Ana yin haka don ƙarfen ya yi gajeriyar tafiya, amma yana ƙara wa gaɓar kafaɗa da mahaɗar ƙashin wuya wahala.

Na uku, sakin ƙarfe ya faɗo ya bugi ƙirji don ya yi tsalle ya koma sama. A daidai ƙasan nan tsokar ƙirji take a miƙe iyakar miƙewa, kuma a nan ne takan yage.

Na huɗu, gaggawa da gasa. Jiya ka fara, yau kana son ka ɗaga abin da wanda ya shekara biyu yana yi yake ɗagawa.

Na biyar, yi kullum babu hutu, kuma ƙirji kaɗai ake yi wa aiki a bar baya. Da tafiya ta yi nisa sai kafaɗu su rinjayo gaba.

Na shida ya shafi kayan aikinmu na gida. Gwangwanin da aka cika da siminti da ƙyar ake samun biyu masu nauyi ɗaya, don haka kafaɗa ɗaya tana ɗaukar fiye da rabonta. Nauyin kuma a daskare yake, ba ya raguwa ba ya ƙaruwa, ƙarami da babba duk shi za su hau. Bencin ma wani lokaci yana girgiɗi, kuma babu wurin rataye ƙarfe idan mutum ya gaza.

Kada mu manta da na bakwai. Kafaɗar ɗan Randagi ba ta zuwa wurin ƙarfe a huce. Ta yi noma, ta yi faskare, ta ja guga, ta ɗora buhu a babur. Wanda ya wuni yana huɗa sannan ya hau benci da yamma, gajiyayyiyar kafaɗa ya ɗora wa kaya.

DARASI DAGA ZAKARUN NIJERIYA

Wataƙila wasu ba su sani ba, wannan turi a kan benci wasa ne da ake gasarsa a duniya, kuma yana cikin wasannin da Nijeriya ta fi yin suna a kansu. A gasar Olamfik ta masu buƙata ta musamman, ɗaga nauyin da ake yi shi ne wannan na kwanciya a benci. A birnin Landan a shekarar 2012, Yakubu Adesokan, wanda ya fafata a ajin masu nauyin kilo 48, ya tura kilo 180, ya ci zinariya. Lucy Ejike ta ci zinariya a 2004 da 2008 da 2016. A birnin Faris na ƙasar Faransa a 2024, Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167, ta kafa sabon tarihi a duniya. Idan kuna son ku gane nauyin, ku tuna buhun siminti kilo 50 ne. Ke nan abin da Adesokan ya tura ya haura buhu uku da rabi.

Abin lura a nan shi ne dokokin wasan. Dole ɗan wasa ya sauko da ƙarfe cikin natsuwa, ya tsayar da shi cak a kan ƙirji, sannan ya tura shi sama hannaye biyu a daidai. Wanda ya buga ƙarfe a ƙirji don ya yi tsalle, alƙalai ba za su karɓa ba. Faɗin kamu ma an ƙayyade shi, ba ya wuce santimita 81. Akwai kuma mataimaka a tsaye a gefe don su cafe ƙarfen in an gaza. Idan waɗanda suka fi kowa ƙarfi a duniya suna bin ƙa'ida kuma ba sa hawa benci su kaɗai, ina dalilin da mu masu koyo za mu yi gaban kanmu?

YADDA AKE YI DAIDAI

1. Fara da ɗumama jiki na minti 5 zuwa 10. Yi ɗan sassarfa, juya hannaye gaba da baya, sannan ka yi turin da abu marar nauyi sau goma ko fiye kafin ka taɓa mai nauyi. Da sanyin hunturu ka ƙara lokacin.

2. Gyara kwanciya. Kai da baya da mazaunai su zauna a kan benci, tafukan ƙafa biyu su dafe ƙasa. Matse allunan kafaɗarka su kusanci juna, ka ja su ƙasa kaɗan, ka riƙe su haka har ka gama.

3. Kama ƙarfe da ɗan faɗi kaɗan fiye da kafaɗunka. Kada faɗin ya wuce faɗin kafaɗa ɗaya da rabi. Zagaya babban yatsa ya rufe ƙarfen, domin wanda ya bar shi a gefe ɗaya da sauran yatsu, ƙarfen na iya suɓucewa ya faɗo masa a wuya ko ƙirji.

4. Gwiwar hannu ta kasance tsakatsaki, kada ta manne da haƙarƙari, kada kuma ta buɗe zuwa layin kafaɗa. Malaman lissafi za su ce kusurwa mai digiri 45 zuwa 60 daga jiki.

5. Sauko da ƙarfe a hankali zuwa ƙasan ƙirji, wajen layin nono. Kada ka nufi wuya da shi. Ja numfashi yayin saukowa, fitar da shi yayin turawa.

6. Zaɓi nauyin da za ka iya turawa sau 10 zuwa 15 ba tare da jikinka ya karkace ba. Yi zagaye biyu ko uku, ka tsaya tun kana da sauran ƙarfi. Gwajin "wa zai ɗaga mafi nauyi sau ɗaya" ba na ɗalibi ba ne.

7. Ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, kada ƙarin ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da ka saba, kuma sai na yanzu ya zame maka mai sauƙi.

8. Kwana biyu ko uku a mako sun isa, a bar aƙalla kwana ɗaya cur a tsakani. A lokacin hutu da barci ne tsoka take ginuwa. A makon da aikin gona ya yi yawa, ka ɗaga wa benci ƙafa.

9. Kada ka taɓa yi kai kaɗai. Babba mai hankali ya tsaya a wajen kanka, hannayensa kusa da ƙarfen.

Game da kayan aiki, ga shawara. Ku kai gwangwanayen wurin mai sikeli a auna kowane ɓangare. In sun bambanta, a gyara ko a watsar. Wanda ke farawa zai fi amfana da galan ko jarka biyu masu girma ɗaya, ɗaya a kowane hannu, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kana iya ƙarawa ko ragewa yadda kake so. Idan babu benci mai ƙwari, kwanta a kan tabarma a ƙasa ka yi turin. Ƙasa za ta tare gwiwar hannunka, ta hana kafaɗa lotsawa baya fiye da kima. Haka kuma motsa jikin nan da ake kifa ciki a dafa ƙasa da tafin hannu ana sauka ana tashi, yana gina ƙirji ba tare da ko sisi ba. Wanda bai iya yin ashirin masu kyau a jere ba, bai kai hawa ƙarfe mai nauyi ba tukuna.

A BA BAYA HAƘƘINSA

Duk turin da ka yi, ka biya shi da ja. Samo robar ɗaure kaya a bayan babur, ka ɗaura ta a jikin bishiya ko turke daidai tsayin ƙirji. Ja ta zuwa cikinka kana matse allunan kafaɗa, sau 15. Sannan ka tsaya ka ba turken gefe, ka manna gwiwar hannun da ke nesa da shi a haƙarƙari, hannun a lanƙwashe, ka ja robar zuwa waje a hankali, sau 15 kowane hannu. Wannan na biyun shi ne abincin ƙananan tsokokin nan huɗu. Ba ya burge 'yan kallo, amma shi ke tsare gaɓar. Ku duba robar kafin ku ja, kada ta tsinke ta bugi ido.

IDAN CIWON YA RIGA YA ZO

Da farko a bambance tsamin jiki da rauni. Tsamin jiki yana zuwa ne kwana ɗaya ko biyu bayan aiki, a cikin naman tsoka yake, yakan taɓa ɓangarori biyu, kuma yana wucewa cikin 'yan kwanaki. Rauni kuwa suka ce ko zogi a cikin gaɓa, galibi a kafaɗa ɗaya. Yana tsananta idan ka ɗaga hannu zuwa tsayin kafaɗa, ko ka kai hannu baya, ko ka kwanta a kan wannan gefen da dare. Idan ciwon a saman kafaɗa yake, daidai inda ƙashin wuya ya ƙare, kuma yana ƙaruwa in ka kai hannu zuwa ɗaya kafaɗar, to wannan 'yar mahaɗar ce ta gaji. Masu yawan turi a benci sun san wannan ciwo.

Ga abin yi. Ajiye ƙarfen nan take, ka kuma bar duk aikin da ke tayar da ciwon na mako ɗaya ko biyu. A kwana biyun farko, sa ƙanƙara da aka naɗe a tsumma na minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana. Inda babu ƙanƙara, tsumma da aka jiƙa da ruwan randa mai sanyi yana rage raɗaɗi. Kada ka ɗaure hannun ka bar shi ba motsi, domin kafaɗar da aka daina motsawa takan sandare. Sunkuya ka dafa tebur da lafiyayyen hannu, ka saki mai ciwon yana lilo a hankali. Ka kuma fuskanci bango ka riƙa hawa da yatsu sama, iyakar inda ciwo bai tsananta ba.

Idan ka kai matsayin da kake ɗaga hannu sama da baya ba ciwo, fara da robar nan, sai dafa bango kana turawa, sai turi a ƙasa, daga bisani benci da rabin nauyin da ka saba. Duk matakin da ya bar maka ciwo har washegari, koma na bayansa. Sannu ba ta hana zuwa.

ALAMOMIN DA BA A JIRA DA SU

A sanar da iyaye ko malami, a tafi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ka ji wani abu ya ce ɗas a ƙirji ko hamata, wurin ya kumbura ko jini ya kwanta. Wannan na iya zama yagewar jijiyar tsokar ƙirji, kuma gyaranta ya fi kyau idan an yi shi da wuri.

Siffar kafaɗa ta sauya, ko ƙashin ya goce. Kada a bar abokai su ja hannun don su mayar da shi, domin ana iya samun karaya a tare da gocewar, kuma ja da ƙarfi na iya lalata jijiyoyi.

Hannu ya mutu, ko yatsu suna mintsini, ko ba ka iya ɗaga hannun sam.

Gaɓar ta yi zafi ta kumbura, ga zazzaɓi.

Ciwon ya haura mako biyu zuwa uku duk da hutu, ko yana hana barci.

Mai cutar sikila ya ƙara kula, domin cutar kan hana jini isa kan ƙashin damtse, kuma ciwon kafaɗa a wurinsa yana buƙatar likita ya duba. Malamanmu da iyayenmu kuma, ciwon kafaɗar hagu da ya zo tare da nauyin ƙirji, gumi ko sarƙewar numfashi, yana iya zama daga zuciya, a garzaya asibiti.

Mun san masu ɗori suna da daraja a garuruwanmu, amma ido ba ya ganin abin da ke cikin gaɓa. A fara zuwa asibitin da ke kusa, daga nan in da buƙata a tura mutum Babban Asibitin Birnin Gwari. Matsalar da ta fi ƙarfin nan akan tura ta Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, inda ake da likitocin ƙashi da masu gashin ƙashi. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna kaɗai ya haura kilomita 100, kowa kuma ya san abin da wannan tafiya ke ci na kuɗi da wahala. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana rigakafi ya fi magani.

GARGAƊI KAN ƘWAYOYI

Wasu in kafaɗa ta fara ciwo sai su sha magani su koma benci. Ciwo ƙararrawa ce, wanda ya kashe ta da ƙwaya bai kashe wutar ba. Tiramol yana rufe zafi har mutum ya ƙarasa yaga jijiyarsa bai sani ba, yana kama mutum ya kasa bari, yana kuma iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis ko wurin masu talla, yawan shansu, musamman da yunwa, yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Ƙwayoyi da alluran kumbura tsoka kuwa suna iya tsayar da tsawon matashi, su taɓa hanta da zuciya. Kada a sha komai sai da shawarar ma'aikacin lafiya. Abin da tsoka ke nema yana gidajenmu: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, nono, ƙwai da kifi, tare da tuwo, isasshen ruwa da barci.

Ɗan'uwa, da wannan kafaɗa za ka rubuta jarrabawar WAEC da NECO, da ita za ka riƙe garma, da ita kuma za ka tsaya gaban masu tantance lafiya idan kana burin aikin soja ko ɗan sanda. Masu yi maka kirari a lungu ba su za su yi jinyarka ba.

TAMBAYOYIN BITA

1. Kawo ƙasusuwa uku da suka haɗu a kafaɗa.
2. Me ya bambanta tsamin jiki da rauni?
3. Jarka mai lita 10 cike da ruwa, kilo nawa ne nauyin ruwan?
4. Idan kana tura kilo 20, mene ne iyakar abin da ya kamata ka ƙara a lokaci guda?
5. Faɗi alamomi uku da ke nuna a tafi asibiti nan take.

A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a miƙa wa kowane ɗan Ƙungiyar 'Yan Jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba. Wanda kuma yake fama da kafaɗa yanzu haka, ya samu malamin motsa jiki a yau, kada ya jira sai an tashi hutu. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.